Shari'ar Rose a Kentucky: Yadda Kotu Ta Rushe Tsarin Makarantun Jiha Baki Ɗaya

A ranar 8 ga Yuni, 1989, Kotun Ƙolin jihar Kentucky da ke Amurka ta yanke hukuncin da ya zarce abin da masu ƙara suka roƙa. Gundumomin ilimi 66, galibinsu na karkara kuma marasa ƙarfi, sun garzaya kotu ne suna neman a gyara yadda ake raba kuɗin makarantu tsakaninsu da gundumomi masu wadata. Kotun ta ce cutar ta wuce rabon kuɗi. A wurinta, dukan tsarin makarantun gwamnati na jihar, tun daga dokokin da suka kafa gundumomi da hukumominsu, zuwa ma'aikatar ilimi, da hanyar ba malamai takardar shaidar koyarwa, da dokar gina makarantu, duk ya saɓa wa kundin tsarin mulkin jihar, kuma wajibi ne majalisar dokoki ta sake gina shi daga tushe. Shari'ar ta ɗauki sunan John Rose, wanda yake jagorantar majalisar dattawan jihar a lokacin kuma yana cikin waɗanda ake ƙara, tare da kakakin majalisar wakilai Donald Blandford.

Ana yawan kawo wannan shari'a a matsayin misalin nasarar kotu, kuma lallai nasara ce. Amma wanda ya bi diddiginta har zuwa yau zai ga cewa abin da ya sa ta yi aiki cikin sauri, wato yadda kotu ta fayyace haƙƙin yaro sannan ta janye ta bar wa 'yan majalisa aikin ginin, shi ne kuma ya bar wannan haƙƙi ba mai gadi bayan da zafin lamarin ya kwanta.

Inda matsalar ta samo asali

Kundin tsarin mulkin tarayyar Amurka bai ambaci ilimi ba ko sau ɗaya. A shekarar 1973, a shari'ar makarantun San Antonio ta jihar Texas, Kotun Ƙolin tarayya ta yanke da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu cewa ilimi ba ya cikin haƙƙoƙin asali da kundin tarayya ya kare, don haka bambancin kuɗi tsakanin gunduma da gunduma bai saɓa masa ba. Wannan hukunci ya rufe ƙofar kotunan tarayya, sai iyaye da hukumomin makarantu suka koma ga kundin jihohinsu, domin kusan kowace jiha tana da sashen da ya ɗora wa gwamnatinta nauyin samar da makarantu. A Kentucky, sashe na 183 na kundin 1891 ne ya yi wannan magana, kuma jimla ɗaya ce tak: majalisar dokoki za ta samar, ta hanyar dokokin da suka dace, ingantaccen tsarin makarantun gama-gari a duk faɗin jihar. Kusan shekara ɗari wannan jimla tana nan a rubuce, ba wanda ya tilasta wa majalisa ta faɗi abin da take nufi a aikace.

Abin da ke haifar da bambancin ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Kaso mai yawa na kuɗin makarantu a Amurka yana fitowa ne daga harajin gidaje da filaye da kowace gunduma ke karɓa a yankinta. Gundumar da ke da masana'antu da manyan gidaje za ta iya ɗora haraji kaɗan ta tara kuɗi masu yawa, ita kuwa gundumar da ke cikin duwatsun gabashin jihar, inda ake haƙar gawayin ƙasa amma arzikinsa ke tafiya wani wuri, ko ta ɗora haraji mai nauyi abin da za ta tara bai taka kara ya karya ba. Saboda haka darajar ƙasar da aka haifi yaro a kanta ita ke yanke irin ajin da zai zauna, da albashin malaminsa, da ko makarantarsa tana da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya ko babu.

Majalisar dokokin jihar da kanta ta ƙara dagula lamarin, kuma wannan ne ya zama babbar hujja a kanta daga baya. A 1965 babbar kotun jihar ta ba da umarnin a riƙa ƙiyasta kadarori bisa cikakkiyar darajarsu ta kasuwa, domin an daɗe ana rubuta su ƙasa da haka sosai. Da an bar wannan umarni ya yi aikinsa, da kuɗin makarantu ya ƙaru. Sai majalisa ta yi zama na musamman ta kafa dokar da ta rage ma'aunin harajin daidai gwargwadon yadda ƙiyasin ya hau, ta yadda abin da ke shiga asusu bai canja ba, kuma kowace gunduma ta daskare a inda take. A 1979 aka sake kafa wata doka da ta hana kuɗin harajin kadara ƙaruwa fiye da kashi 4 cikin ɗari a shekara, sai dai in hukumar gunduma ta yarda masu zaɓe su iya soke ƙarin. Akwai shirye-shiryen tallafi daga jiha, ɗaya tun daga 1954, wani kuma daga 1976 wanda aka yi shi musamman don rage giɓin da ke tsakanin gundumomi, amma kuɗin da ake zuba musu bai taɓa kai wa ga cike giɓin ba.

Yadda aka kai ga kotu

Shugabannin makarantun gundumomin da abin ya fi shafa sun haɗu suka kafa ƙungiya da sunan neman kyautata ilimi, suka shigar da ƙara a watan Nuwamba na 1985 a babbar kotun yankin Franklin, inda Frankfort babban birnin jihar yake. Yin hakan ba ƙaramar kasada ba ce, domin ma'aikatan gwamnati ne ke ƙarar majalisar da ke ba su kuɗi, kuma 'yan majalisa ba su ɓoye fushinsu ba. Lauyan da ya jagorance su shi ne Bert Combs, tsohon gwamnan jihar daga 1959 zuwa 1963, tsohon alƙalin kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, kuma ɗan gabashin jihar wanda ya san irin makarantun da ake magana a kansu. Ya karɓi aikin ba tare da neman lada ba. Shigowarsa ta canja yadda ake kallon ƙarar, domin da wuya a kira mutumin da ya taɓa mulkin jihar, wanda a zamaninsa aka kafa harajin sayayya na kashi 3 cikin ɗari da ya taimaki makarantu, ɗan tayar da zaune tsaye.

A gefe guda kuma, wani aikin yana tafiya a wajen kotu wanda ba a cika ba shi matsayin da ya dace ba. Kwamitin Prichard, ƙungiyar 'yan ƙasa masu zaman kansu, ya shirya tarurrukan jama'a a dare ɗaya a watan Nuwamba na 1984 a sassan jihar daban-daban, inda kimanin mutum 20,000 suka fito suka tattauna halin da makarantunsu ke ciki. Manyan jaridun Louisville da Lexington sun yi ta bankaɗo yadda ake karɓar haraji a sakace da yadda ake mayar da ayyukan makarantu ganimar siyasa, kuma manyan 'yan kasuwa sun fara kukan cewa ba sa samun ma'aikata masu ilimi. Kafin alƙalai su ce uffan, jama'a da yawa sun riga sun yarda cewa akwai ɓaraka.

Hujjojin da aka gabatar a gaban alƙali Ray Corns sun nuna abu biyu, kuma na biyun ne ya ba shari'ar siffarta. Na farko, gundumomi marasa ƙarfi suna baya a albashin malamai, da yawan ɗalibai a aji, da darussan lissafi da kimiyya da harsunan waje da kiɗa da zane, da kuma sakamakon jarrabawa. Na biyu, hatta gundumomin da ake kira masu wadata a Kentucky ba su kai matsakaicin ƙasa ba. Jihar tana cikin na ƙarshe-ƙarshe a kusan kowane ma'auni na ilimi, kuma kusan kashi 35 cikin ɗari na manyan mutanenta ba su gama sakandare ba. Wannan ya sa daidaita rabo kaɗai ba zai wadatar ba, domin in aka raba abin da bai isa ba daidai wa daida, kowa zai tashi da rashi. A ƙarshen watan Mayu na 1988 Corns ya yanke cewa tsarin kuɗin makarantun ya saɓa wa kundin tsarin mulki, daga baya ya kuma ce kotunsa za ta ci gaba da sa ido, majalisa ta riƙa kawo mata rahoton abin da ta yi.

Shugabannin majalisa suka ɗaukaka ƙara. Hujjojinsu ba na banza ba ne, kuma ya kamata a ba su haƙƙinsu. Sun ce kundin tsarin mulki ya damƙa wa majalisa ce wannan aiki, don haka ita ke da ikon cewa tsarin ya inganta ko bai inganta ba. Sun ce hukumomin gundumomi halittun doka ne da majalisa ta kafa, ba su da hurumin ƙarar wadda ta kafa su. Sun kuma ce laifin yana kan gundumomin da kansu, waɗanda wasunsu ba sa karɓar harajin da ya kamata, suna kuma cika makarantu da 'yan uwa da abokan siyasa. Wannan zargi na ƙarshe gaskiya ne a wurare da dama, inda hukumar makarantu ita ce babbar mai ɗaukar ma'aikata a ƙaramar hukuma gaba ɗaya. Sai dai kotu ta juya shi ya koma kan masu yin sa: in akwai ɓarna da sakaci a gundumomi, majalisa ce ke da alhakin hana su, domin nauyin da sashe na 183 ya ɗora mata ba ya sauka don ta miƙa wa wani aikin.

Abin da kotu ta faɗa, da abin da ta ƙi yi

Alƙalin alƙalai Robert Stephens ne ya rubuta hukuncin, alƙalai biyar, har da shi, suka goyi baya, biyu suka saɓa. Kotun ta bayyana ilimi a matsayin haƙƙi na asali a ƙarƙashin kundin jihar, ta ce dole kowane yaro, a ko'ina yake zaune kuma ko mene ne halin iyayensa, ya sami dama daidai da ta kowa ta samun wadataccen ilimi. Ta ce makarantun na kyauta ne, su kasance kusan iri ɗaya a duk jihar, kuma majalisa ta riƙa bibiyarsu don kada a sami almubazzaranci, ko maimaita aiki, ko rashin iya gudanarwa, ko katsalandan na siyasa.

Sashen da ya fi yin tasiri shi ne inda kotun ta fayyace abin da wadataccen ilimi yake nufi, ta auna shi da abin da yaro zai iya yi bayan ya fita daga makaranta. Ta lissafa abubuwa bakwai. Yaro ya iya magana da rubutu yadda zai rayu a duniya mai sarƙaƙiya da saurin canji. Ya san tsarin tattalin arziki da zamantakewa da siyasa gwargwadon yadda zai yi zaɓi da sani, ya kuma fahimci yadda gwamnati ke aiki har ya gane al'amuran da suka shafi garinsu da jiharsa da ƙasarsa. Ya san kansa da lafiyar jikinsa da ta hankalinsa, ya sami tushe a fannin fasaha da zai sa ya daraja tarihinsa da al'adunsa. Sannan ya sami shirin da zai ba shi damar zaɓar sana'a ko ci gaba da karatu cikin basira, da ƙwarewar da zai yi gogayya da takwarorinsa na jihohin maƙwabta a jami'a ko a kasuwar aiki. Hikimar wannan ma'auni ita ce ba ya tsufa da hauhawar farashi, kuma ba a iya cika shi da nuna takardar kasafin kuɗi kawai. Shi ya sa kotunan wasu jihohi suka are shi, kamar Massachusetts a 1993, New Hampshire a 1997, da Kansas a 2014.

Alƙali Charles Leibson, ɗaya daga cikin waɗanda suka saɓa, bai musanta cewa makarantun suna cikin mummunan hali ba. Damuwarsa ita ce wannan tambaya ce ta siyasa wadda kotu ba ta da ma'aunin warware ta, kuma kotun da ta rushe komai ba tare da nuna takamaimiyar dokar da ta saɓa ba ta ba da umarnin da ita kanta ba za ta iya tilasta shi ba. Tambayarsa tana da nauyi: in majalisa ta yi kunnen uwar shegu, me alƙalai za su yi? Ba su da ikon ɗora haraji, ba su kuma da ikon rubuta doka.

Masu rinjaye sun amsa wannan ta hanyar taƙaita kansu. Ba su faɗi adadin kuɗin da za a kashe ba, ba su ce a ƙara wani haraji takamaimai ba, kuma sun soke ɓangaren hukuncin Corns da ya ce majalisa ta riƙa kawo wa kotu rahoto, suna masu cewa hakan ya keta iyakar da ke tsakanin rassan gwamnati. Abin da suka yi kawai shi ne jinkirta fara aikin hukuncin har zuwa kwana 90 bayan majalisa ta rufe zamanta na 1990. Ma'ana, in ba a kafa sabon tsari kafin lokacin ba, jihar za ta wayi gari babu wata dokar makaranta da ke da ƙarfi. Wasu jihohi sun bi wata hanya dabam. A New Jersey kotu ta riƙe shari'ar kuɗin makarantu shekaru da yawa tana fitar da umarni bayan umarni, a jihar Washington kuwa Kotun Ƙoli ta kai ga cin tarar gwamnati dala 100,000 a kowace rana tun daga watan Agusta na 2015. Kentucky ta zaɓi ta faɗi magana sau ɗaya ta koma gefe.

Dokar 1990

Majalisar da ta yi ta faɗa da ƙarar ba ta yi jayayya da hukuncin ba, kuma dalilin bai rasa nasaba da siyasa. 'Yan majalisa da dama sun san gyara ya zama dole, abin da suke tsoro shi ne masu zaɓe, sai hukuncin ya ba su abin fakewa: kotu ce ta tilasta. Gwamna Wallace Wilkinson, wanda ya ci zaɓe a 1987 da alƙawarin ba zai ƙara haraji ba, shi ma ya sauko. An kafa kwamitin aiki na 'yan majalisa da wakilan gwamna, aka raba shi uku, manhaja da shugabanci da kuɗi, kuma a ranar 11 ga Afrilu, 1990, gwamna ya sa hannu a dokar gyaran ilimi da aka fi sani da KERA. Tare da ita aka ƙara haraji na kimanin dala biliyan 1.3 a kasafin shekara biyu, ciki har da ɗaga harajin sayayya daga kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari, ko da yake ba duka kuɗin ne suka tafi makarantu ba.

Sabon tsarin rabon kuɗi, mai suna SEEK, ya tsayar da wani adadi na asali da jiha ta lamunce wa kowane ɗalibi, da ƙari ga 'ya'yan marasa ƙarfi, da masu buƙata ta musamman, da kuɗin jigilar ɗalibai. An wajabta wa kowace gunduma ta karɓi aƙalla santi 30 a kan kowace dala 100 ta darajar kadara, jiha kuma ta cika abin da ya rage, ta yadda gunduma mara ƙarfi za ta sami kaso mafi girma daga jiha. A dokar ta 1990, gundumar da ta so ta ƙara har kashi 15 cikin ɗari a kan wannan, jiha za ta tallafa mata in kadarorinta ba su da yawa. Bayan wannan akwai wani mataki na ƙarin kashi 30 cikin ɗari wanda sai da amincewar masu zaɓe, kuma babu tallafin jiha a cikinsa. Wannan mataki na ƙarshe ƙofa ce da aka bari a buɗe, wadda a zahiri masu wadata ne kawai za su iya bi ta cikinta.

Ɓangaren shugabanci ya fi taɓa masu iko kai tsaye. An karɓe ikon zaɓaɓɓen shugaban ilimi na jiha aka ba kwamishina da ake naɗawa, kuma Thomas Boysen ne ya fara riƙe muƙamin. An kafa dokokin hana shugabannin gundumomi da 'yan hukumar makarantu ɗaukar danginsu aiki, an kuma taƙaita shigar ma'aikatan makaranta cikin yaƙin zaɓen 'yan hukumar. Kowace makaranta ta sami majalisar gudanarwa mai malamai uku, iyaye biyu da shugaban makaranta, da ikon yanke shawara kan manhaja da kashe kuɗi. An buɗe azuzuwan share fage ga yara 'yan shekara huɗu daga gidaje marasa ƙarfi, da cibiyoyin taimakon iyali a makarantun da talauci ya yi yawa, bisa fahimtar cewa yaron da ke fama da yunwa ko ciwon haƙori ko rashin tabarau ba zai koyi karatu ba komai ƙwarewar malaminsa. A ganina wannan shiri na cibiyoyin iyali yana cikin mafi hangen nesa a dokar gaba ɗaya, domin ya ɗauki maganar kotu ta "kowane yaro" da gaske.

Ba komai ne ya yi daidai ba. Sabuwar jarrabawar jiha da aka ɗaura wa lada da horo ga makarantu ta jawo ce-ce-ku-ce kan sahihancinta har aka maye gurbinta a 1998, kuma haɗa yara masu shekaru daban-daban a ajin firamare ɗaya ya sha suka daga iyaye da malamai har aka sassauta shi. Amma a shekaru goman farko giɓin kuɗi tsakanin gundumomi ya ragu sosai, kuma jihar da ta saba zama a ƙasan jeri ta matso tsakiya a wasu gwaje-gwajen ƙasa, musamman karatun ɗaliban aji huɗu.

Bayan da zafin ya kwanta

Tsarin SEEK yana da rauni ɗaya da ba a gani a takarda. Yana daidaita rabo ne muddin majalisa tana ɗaga adadin asali daidai da tsadar rayuwa. In ta bar shi ya tsaya, gundumomi masu wadata za su cike giɓinsu da harajin gida, marasa ƙarfi kuma ba su da inda za su juya, sai bambancin ya dawo a hankali ba tare da wani ya kafa dokar dawo da shi ba. Abin da ya faru ke nan. Tun daga tsakiyar shekarun 2000 jiha ta daina biyan cikakken kuɗin jigilar ɗalibai da doka ta tanada, abin da ya fi cutar da gundumomin karkara masu dogayen hanyoyi, kuma durƙushewar tattalin arziki ta 2008 ta kawo yanke-yanken da ba a mayar da su duka ba. A 2023 wata cibiyar nazarin manufofin tattalin arziki ta jihar ta fitar da lissafin da ya nuna cewa, in an cire hauhawar farashi, giɓin da ke tsakanin gundumomi mafi wadata da mafi talauci ya zarce wanda kotu ta haramta a 1989.

Ƙungiyar gundumomin ta koma kotu a 2003 tana cewa kuɗin bai wadatar ba. A 2007 alƙali Thomas Wingate na kotun Franklin ya kori ƙarar, yana mai dogaro da cewa sakamakon ɗalibai yana ƙaruwa, kuma faɗin adadin kuɗin da majalisa za ta ware ba aikin kotu ba ne. A nan ne taƙaita kai na 1989 ya nuna ɗaya fuskarsa. Da yake Kotun Ƙoli ba ta riƙe shari'ar a hannunta ba, duk wanda ke ganin an karya alƙawari dole ya fara daga farko, ya tara sababbin hujjoji, ya nemi kuɗin lauya, ya kuma shawo kan alƙali cewa lalacewar da ke zuwa sannu a hankali ta kai matsayin saɓa wa kundin tsarin mulki. Ina ganin kotun ta yi daidai da ta ƙi rubuta wa majalisa kasafin kuɗi, amma tsakanin rubuta kasafi da janyewa gaba ɗaya akwai fili mai faɗi, kamar tanadin a dawo gabanta bayan wasu shekaru a auna tsarin da abubuwa bakwai da ita kanta ta lissafa. Rashin wannan tanadi ya sa yaran da suka shiga makaranta bayan 2008 suka gaji haƙƙin da kowa ya amince da shi amma babu ranar da aka tsayar don a tambayi ko ana cika shi.

Muhawarar ta kuma ɗauki sabon salo. Masu rinjaye a majalisa a 'yan shekarun nan suna ganin mafita tana cikin ba iyaye zaɓi, ta hanyar tallafa wa makarantu masu zaman kansu da makarantun da gwamnati ke biya amma wasu ke gudanarwa. A 2021 suka kafa dokar rangwamen haraji ga masu ba da gudummawar kuɗin makaranta mai zaman kanta, sai Kotun Ƙolin jihar ta soke ta baki ɗaya a watan Disamba na 2022, bisa sashe na 184 wanda ya hana tara kuɗin ilimi don wani abu da ba makarantun gama-gari ba sai an tambayi masu zaɓe. A 2022 kuma aka karɓe wa majalisun makarantu ikon zaɓen shugaban makaranta da tsara manhaja aka mayar wa shugabannin gundumomi, wanda ya rage ɗaya daga cikin ginshiƙan dokar 1990. Da kotu ta toshe hanyar tallafin, majalisa ta bi hanyar da kundin ya tanada, ta kai wa jama'a gyaran kundin tsarin mulki a zaɓen Nuwamba na 2024. Kusan kashi 65 cikin ɗari suka ƙi, kuma gyaran ya faɗi a duka ƙananan hukumomi 120 na jihar, har da na karkara waɗanda suka zaɓi jam'iyyar da ta kawo shi da gagarumin rinjaye a wannan rana. A wurare da yawa na karkara babu wata makaranta sai ta gwamnati, don haka zaɓin da ake tallatawa bai shafe su ba, ragin kuɗin kuwa zai shafe su.

Ƙin amincewa da gyaran ya hana kuɗi fita daga makarantun gwamnati, amma bai ƙara musu ko dala ɗaya ba. A watan Janairu na 2025 wata ƙungiyar ɗaliban jihar ta shigar da sabuwar ƙara a kotun Franklin, inda ta farko ta fara kusan shekara 40 kafin nan, tana cewa jihar ta kauce wa hukuncin Rose. Wannan karon ba shugabannin gundumomi ne ke ƙara ba, ɗaliban da haƙƙin ya shafa ne da kansu, kuma ba su tsaya kan kuɗi kaɗai ba: sun kawo koma-bayan iya karatu, da ƙarancin darasin sanin gwamnati da haƙƙin ɗan ƙasa, da rashin isassun masu kula da lafiyar hankali, da raguwar darussan fasaha, suna auna kowanne da jerin abubuwa bakwai na 1989. Abin da ke gaban alƙalai shi ne su tantance ko wannan jeri umarni ne mai ci da za a iya ƙarar jiha a kansa duk lokacin da ta gaza, ko kuwa majalisa ta sauke nauyinta tun ranar da aka sa hannu a dokar 1990.